Shaidar Kunne

A sakatariyar Auyo, ɗaki na uku daga gindin maina,
shekara ashirin da biyu ina ɗaure fayil da zare.
Gara ta ci rabonta, yoyon rufi ya ci nasa,
abin da ya saura ni na san makwancinsa.
Ka ce mini gonar wane ta fadamar Gamsarka,
in miƙa hannu ko ban waiwaya ba.

Sai aka kawo kwamfuta da injin ɗaukar hoton takarda,
aka ce kowa ya zuba.
Muka zuba kuwa, mu huɗu, kowa da kiɗansa.
Ilu ya rubuta K/Hausa don yana sauri,
Barau ya rubuta Kafin Hausa cikakke,
ni na sa wa Ɗanladi ƙugiyarsa,
Kubura ta bar shi Danladi, kai ba hula.
Wani ya fara da rana, wani ya fara da wata.
Fayil guda sunansa "sabo",
na kusa da shi "sabo na gaske",
na ƙasansu "wannan ne dai".

Bayan ambaliya Tsalha ya zo.
Ruwa ya tafi da gambar iyaka,
maƙwabci ya matso taku bakwai.
Na buga Tsalha, babu.
Na buga Salihu, sha ɗaya suka fito, ba nasa ciki.
Ya zauna kan benci yana murza hula
har ladan ya kira la'asar.
Ya ce, "Malam, da can hannunka ya fi wannan sauri."
Kwana tara kafin in gan ta,
tana kwance cikin rasit ɗin kasuwa,
sunanta hoto ɗari huɗu da sha bakwai.

Daga Dutse aka turo Sahura,
jaka ɗaya, takarda biyu, ba yawan magana.
Ta kulle gurabe.
Mazaɓa, shekara, irin takarda, mai ita:
in ka tsallake guda, injin ya ƙi karɓa.
Sunan gari ba rubutawa za ka yi ba, zaɓa za ka yi.
Shekara gaba, wata na bi, rana a ƙarshe.
Sabuwar kalma sai an zauna an yarda,
mabuɗin kuma yana hannunta.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.
Yarinyar da ban fi shekara uku da ganin ubanta
yana neman takardar fansho a gabana ba!

Da dare na tuna Inna da askarta.
Kowace 'yar akuya, tsaga biyu a kunnen hagu.
Ba ranar kasala, ba ranar da za ta ce yau dama.
In garke ya dawo da almuru
ko yaron da bai iya ƙirga ba ya ware namu.

Amma na koma mata da ƙorafi guda.
Gonar Tsalha, gari Gonar Kuka yake ce mata,
ko da yake kukar ta faɗi tun ina firamare.
Na ce, ina gurbin wannan?
Ta yi shiru tana taɓa biro a haƙori.
Ranar Alhamis aka zauna,
aka buɗe gurbi na biyar: sunan da gari ya sani.

Shi nake cikawa yanzu, kullum bayan azahar,
in an kawo wuta.
Rijiyar Makafi. Tudun Gwauro. Bayan Maƙera.
Baɗi zan ajiye aiki.
Yaron da zai gaji kujerar nan bai san kuka ta taɓa tsayawa can ba.
Ya buga dai, za ta fito.